Iska Ba Ta Jan Layi

Ranar da Junia Regier ta fara ganin Dario Quintana, da masifa ta tare shi. Ta taso daga makarantar da take koyarwa, sai ta tarar da wata farar a-kori-kura a bakin iyakar gonar babanta. Ga wani dogon saurayi cikin farar rigar feshi tun daga wuya har idon sawu, ya ɗaga ɗan zare sama yana kallon inda iska ke kaɗa shi. Injin feshinsa na bayansa a kashe.

Ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta sauke gilashin motarta ta shaida masa cewa wannan gonar ta Arlo Regier ce, alkamar da ke ciki kakanninsu ne suka taho da irinta nan Kansas daga ƙetare, kuma idan ɗigo ɗaya na gubarsa ya sauka a kai zai gane kurensa.

Ya bari ta gama tsaf, sannan ya yi murmushi.

"Shi ya sa kika ga injin a kashe," in ji shi. "Tun shekaranjiya nake zuwa ina komawa. Gonarku iska take nufa, ni kuwa ba na feshi sai ta juya. Maigidana har ya gaji da kirana a waya."

Kunya ta kama ta, amma Junia ba ta iya sauka da wuri ba. Sai ta tambaye shi, tana cin magani, wai me ma kamfanin nasu yake fesa wa alkama da har sai mutum ya yi shigar likita.

"Alkama kanta take aure," ya ce. "Namiji da mace suna cikin fure ɗaya, a rufe. Mu kuma iri biyu muke so mu haɗa, a samu mai ƙarfi. Sai mu fesa wa layi ɗaya maganin da zai hana shi yin bununi. Idan furen ya ga babu nasa, sai ya buɗe baki ya jira iska ta kawo masa na layin da ke kusa."

"Wato mai haɗa aure ne kai, amma sai ka kori mijin gida tukuna."

Ya yi dariya har zaren ya faɗi daga hannunsa. Washegari da ta zo wucewa ya ɗaga mata hannu. Rana ta uku ta tsaya ta miƙa masa zwieback, burodin gargajiyar gidansu, a takarda, ta ce kada ya ɗauka wani abu ne, ya yi musu yawa ne a gida. Shi kuwa wani abu ya ɗauka, kuma bai yi kuskure ba.

Kafin girbi ya zo sun saba. Yana kiranta Zangarniya, saboda gashinta da kuma, a cewarsa, ƙayar bakinta. Ita kuma tana ce masa Likita. Da safe kafin ta shiga aji saƙonsa ya riga ya iso:

"Zangarniyata, iska yau daga kudu take, wato daga wajen gidanku. Na cire hula na tsaya ta buge ni. Ki yi karin kumallo, kada ki cinye yaran mutane."

Ita kuma ta mayar masa:

"Likita, ka mayar da hularka kafin rana ta ƙarasa abin da ya rage na hankalinka. Na yi kewarka kaɗan. Kaɗan fa na ce."

A garinmu ba a ɓoye soyayya, domin hanya ɗaya ce kuma kowa ya san motar kowa. Da maganar ta kai kunnen Arlo, bai ɗaga murya ba. Dattijo ne mai tsoron Allah, matarsa ta rasu tun Junia na ƙarama, abu biyu kuma ya rage masa a duniya: 'yarsa da alkamarsa. Duk shekara yakan ware iri daga girbinsa ya shuka baɗi, yadda ubansa ya yi. Ya ce da Junia ba shi da komai da yaron, amma mutumin da sana'arsa ita ce hana tsiro abin da Allah ya ba shi ba zai zama surukinsa ba.

Da ma a nan abin ya tsaya da sauƙi. Gwaggo Verda, yayar Arlo, ita ta ƙara gishiri. Ta bi matan coci ɗaya bayan ɗaya tana raɗa musu cewa namijin da ya shekara yana dama maganin kashe mazakutar alkama, ai sai a yi masa addu'a, kada Arlo ya mutu bai ga jika ba. Ta ma zo har kicin ta samu Junia, ta ce don Allah ko takardar asibiti ya kawo a gani.

Junia ta ajiye cokalin da ke hannunta.

"Gwaggo, mazan garin nan kaf sun tsufa suna fesa maganin ciyawa. Wa kika taɓa tambaya takarda?"

"Ai su namu ne, mun san gidajensu."

Wannan amsar ta fi komai yi wa Junia ciwo, domin ita ce gaskiyar maganar. A Dodge City aka haifi Dario, nan cikin jiharmu, amma sunansa ba irin namu ba ne kuma cocinsa daban.

Sai kuma Kendall Stucky, ɗan maƙwabcinsu, wanda tun suna sakandare yake ganin Junia tasa ce ba tare da ya taɓa tambayarta ba. A shagon kofi na rumbun manoma shi ya laƙa wa Dario suna Mai Dandaƙa. Da zarar Dario ya shigo sai ya ce, "Maza, a rufe kofuna, ga shi nan ya zo." A yi ta dariya. Abin haushin, shi kansa Kendall ya karɓi kwangilar noma wa kamfanin iri a gonarsu, kuma da injinsa yake fesa maganin da yake yi wa wani gori a kai. Ba wanda ya ga abin magana a nan.

Dario bai taɓa tanka musu ba. Junia ce take ƙonewa a madadinsa, har wata rana ta tambaye shi ko ba shi da zuciya ne.

"Ina da ita mana," ya ce. "Tana wurinki. Shi ya sa ba su same ta ba."

"Kada ka yi mini daɗin baki ina cikin fushi."

"To yaushe zan yi? Kullum cikinsa kike."

Haka suka ci shekara guda, ba Arlo ya sauko ba, ba su sun rabu ba.

Da bazara ta zagayo, aka yi wa Arlo aiki a gwiwa daidai lokacin da alkama take buƙatar maganin cutar tsatsa. Muna da al'ada a nan wadda nake alfahari da ita: idan manomi ya kwanta, maƙwabta sukan shiga gonarsa su yi aikin ba tare da an roƙe su ba. Ba a faɗa, ba a godiya a bainar jama'a, kuma ba a bin aikin da bincike. Wanda ya duba aikin da aka yi masa kyauta ya yi rashin kunya. Wata safiya Junia ta ga Kendall ya shigo da injinsa ta ƙofar gonar ta yamma, ta kai masa kofi, ta koma asibiti wurin babanta.

Da alkama ta fitar da kai, sai ga Kendall a falon Arlo da damin zangarniya a hannu. Furannin sun wage baki, in ka ɗaga su a rana haske na ratsa su, babu ƙwaya a ciki. Arlo ya murza ɗaya a tafin hannunsa, ƙaiƙayi kawai ya zubo. Junia ba ta taɓa ganin fuskar babanta haka ba tun ranar jana'izar mahaifiyarta.

"Iska ce ta kwaso daga filin kamfani," in ji Kendall. "Da ma na faɗa."

Junia ta ɗauki zangarniya biyu ta tafi ta samu Dario a filinsa. So take ya ce mata tsatsa ce, ko sanyi, ko ma mene ne. Ya juya su a hannunsa, ya ɓare fure ɗaya da farce, ya daɗe yana dubawa.

"Maganinmu ne," ya ce.

"Ka ce me?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, aikin maganinmu ne. Amma ban yi feshi iska na kallonku ba, Junia. Ki bar ni in shiga gonar in gani."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba, farkon ya toshe mata kunne. Ta ce masa shekara guda tana faɗa da gari a kansa, ta ɓata da gwaggonta, ta sa babanta baƙin ciki, ashe su suka fi ta gani. Ta ce ƙafarsa ba za ta taka gonar ba. Ta shiga mota tana kuka, kuma don haushi har da kanta take zagi.

Gari kuwa ya samu abin da yake nema. Dattawan coci suka je da yawun Arlo suka ga shugaban kamfanin, cikin ladabi kamar yadda suka saba, suka ce su ba masu zuwa kotu ba ne, amma zaman lafiya ya fi idan aka ɗauke yaron. Kamfani ba ya son rigima da manoman da yake haya a wurinsu, sai ya ce Dario ya tattara ya koma reshensu na Nebraska. Ba wanda ya tambaye shi komai. Saƙo ɗaya ya turo mata:

"Zangarniya, ranar Litinin zan tafi. Ba na roƙon ki yarda da ni. Ki shiga gonar da ƙafa, ba a mota ba, ki duba da idonki. Ko me kika gani, ina sonki, kuma ki gaishe da Baba da jiki."

Ta ƙi ba shi amsa. Amma ranar Asabar da safe ta sa takalmin gona ta fita, tana gaya wa kanta cewa za ta je ne ta ga iyakar ɓarnar da ya yi.

Ta fara daga gabas, inda gonarsu ta yi iyaka da filin kamfani. A nan ya kamata abin ya fi muni. Ta kama zangarniya ta matsa, ta ji ta cike tam. Ta kama wata, haka. Ta bi iyakar nan daga farko har ƙarshe ba ta samu fanko ko ɗaya ba. Sai ta ratsa ta nufi yamma.

A bakin ƙofar yamma ta same su. Fankon ya tashi daga ƙofar ya miƙe sambal, faɗinsa daidai faɗin fikafikan injin feshi, ga sawun taya a tsakiya. Ya kai ƙarshen gona ya juyo, ya sake juyawa, yana raguwa a hankali har ya ɓace. Ba sai an yi karatun noma ba kafin a gane. Tankin da ba a wanke sosai ba ne, ragowar maganin da ke ciki ya fita a zagayen farko.

Ta tsaya a wurin. Ba kuskuren Kendall ne ya fi ƙona mata rai ba, kowa yana kuskure. Titin coci ta nan ƙofar ya bi. Duk dattawan nan sun wuce ta wurin, dukansu manoma ne, kuma dukansu sun san injin wa ya shiga gonar Arlo yana asibiti. Sun ga layin, suka kau da kai, domin ya fi musu sauƙi su kori baƙo da su duba aikin alherin ɗan gida. Ita ma da ta kai masa kofi da hannunta ba ta tuna ba, don ba a koya mata ta tuna ba.

Ta koma gida ta ce da babanta ya tashi. Ya ce gwiwarsa. Ta ce za ta ɗauke shi idan ta kama. Ta sa shi a a-kori-kura da sandunansa, ta kai shi gabas ta tsinko masa zangarniya cikakka, sannan ta kai shi yamma ta tsayar da motar a kan sawun tayar. Arlo ya daɗe yana kallo ta taga.

"Kendall taimakona ya zo yi," ya ce a hankali.

"Na sani, Baba. Shi kuma Dario me ya zo yi maka? Kwana da kwanaki yana tsaye a rana da zare a hannu don kada alkamarka ta taɓu. Irin da za ka shuka baɗi yana nan lafiya a gefensa. Iska ba ta jan layi, Baba, kai ka koya mini."

"Ba zan tona yaron Stucky a gaban jama'a ba. Ba a yi mana wannan tarbiyya ba."

"Amma an yi mana ta ɗora wa marar laifi?"

Da suka isa gida, ko abincin rana Arlo bai taɓa ba.

Ranar Lahadi, da fasto ya tambaya ko akwai mai abin da zai faɗa wa 'yan'uwa, sai aka ji ƙarar sanda. Arlo ya miƙe da ƙyar. Ya ce wani maƙwabci ya yi masa aiki yana kwance, ya gode masa har zuciya, kuma ba zai ambaci sunansa ba yau ko gobe. Ya ce a cikin aikin aka samu kuskuren da ya taɓa alkamarsa, ya yafe. Sannan ya ce akwai wanda bai yi kuskure ba, shi ne aka kora, kuma da bakin shi Arlo aka kore shi. Ya juya ya dubi layin dattawa, ya ce wanda duk ya bi ta ƙofar gonarsa ta yamma a watan nan ya san abin da yake nufi.

Kendall ya sunkuyar da kai, kunnuwansa sun yi ja. Gwaggo Verda ta shiga neman wani abu a jakarta da babu shi.

A waje Arlo ya ce da 'yarsa to, ya yi. Junia ta buɗe masa ƙofar mota.

"Ka yi wa waɗanda suka riga suka sani. Dario bai ji ba."

Suka tarar da Dario a harabar kamfani yana ɗaure kayansa a bayan mota. Da ya ga wanda ke saukowa, ya yi sauri ya zo zai kama shi, Arlo ya ture hannun. Dattijon ya tsaya a kan sandunansa, ya yi gyaran murya, ya yi maganar zafin rana, ya yi ta farashin dizal. Junia ta ce, "Baba." Sai ya cire hularsa.

"Na zalunce ka," ya ce. "Na ɗora maka abin da ba kai ka yi ba, kuma na ji daɗin ɗora maka. Ka yafe mini."

"Na yafe, Mista Regier. Amma gara in faɗa maka tun yanzu, ba zan bar aikina ba. Ina ganin amfaninsa. Baɗi ma zan yi feshi."

"Na sani. Har gobe ba na son aikin nan, kuma zan riƙa gaya maka a kan tebur duk Lahadi." Ya mayar da hularsa. "Sauke kayan nan. Ni na sa aka kore ka, ni zan je wurin shugaban kamfani gobe. Ina da gonar da sai an raba mai kyau da marar kyau kafin girbi, ga ƙafa babu."

Ya juya ya nufi mota don kada a ga idonsa. Junia ta matso kusa da Dario.

"Likita," ta ce, "na gaya maka maganganu."

"Kin gaya mini."

"Ka ce in bar ka ka shiga gonar ka gani, na hana ka. Ban fi su ba."

"Kin fi su, Zangarniya. Kin shiga."

Bayan girbi aka ɗaura auren a farfajiyar gidan Arlo, fasto da fadan cocin su Dario suna tsaye kafaɗa da kafaɗa. Dangin Dario suka zo daga Dodge City da tukwanen tamale, alalen masara irin nasu, matan coci suka jera zwieback da fai, gashin fulawa mai zaƙi, aka ci har aka rasa wurin ajiye faranti. Kendall da kansa ya je kamfani ya faɗi gaskiya tun kafin nan, kuma ya zo bikin ya zauna a baya. Junia ta gaishe shi, amma ba ta yi masa murmushi ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Dattawan nan kuwa har yau babu wanda ya buɗe baki ya ba Dario haƙuri. Sai dai kowannensu ya zo da kyauta mai nauyi fiye da yadda aka saba, wanda a garinmu kusan shi ne iyakar abin da suka iya.

Da aka nemi uban amarya ya sa albarka, Arlo ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kan angon.

"Ubangiji ya zaunar da ku lafiya, ya cika muku gida, ya tsare ku daga bakin mutane, har da nawa. Dario, na ba ka ita da zuciya ɗaya. Idan wata rana duk gari suka taru a kanka, kada ka ji tsoro. Na ga abin da take yi wa gari."

Jama'a suka ce amin, wasu da dariya, wasu kansu a ƙasa. Junia ta riƙe hannun mijinta gam, ta bar hawayen suka zubo ba ta share ba.